Gayyar intanet: gonar wa muke nomawa? (Zare)

1/ Ayyukan haɗa hannu ta intanet sun yawaita a Hausa: ƙamus, taswira, fassara, naɗar murya don koya wa kwamfuta magana. Ina goyon bayansu, na kuma ba su shekarun farko na karatuna. Amma akwai tambayar da ba a son ji a cikinsu: wa ke da iko? Zaren da tsawo, ku yi haƙuri. 🧵

2/ Kun san tsarin. A ɗauko aiki babba a yayyanka shi ƙanana, a watsa wa ɗaruruwa ko dubban mutane, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Sunansa na Turanci wani ɗan jarida Jeff Howe ne ya fito da shi a mujallar Wired a 2006. Mu kam muna da namu sunan tun kaka da kakanni: gayya.

3/ Wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya. Mai gona ya sanar, samari su fito da fartanya, makaɗi yana zuga su, a dama fura a tuƙa tuwo. Kafin la'asar an gama noman da zai ci masa sati biyu. Kowa a wurin ya san gonar wa yake nomawa, ya kuma san in tasa ta taso za a zo masa.

4/ Gayyar intanet ta ɗauko kiɗan da zugar, ta baro waɗannan biyun a gida. Sai ka yi wata shida kana sunkuye ba ka san mai gonar ba. In ka tambaya a ce maka "ai ta al'umma ce". To ita al'ummar, wa ke riƙe mata da kalmar sirri?

5/ Bari in ba ku wanda na gani da idona. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, zaman gida ya ishe mu. Wani da ke gabanmu a makaranta ya buɗe guruf a WhatsApp: a tattara kalmomin Hausa masu neman ɓacewa, tare da muryar mai faɗarsu.

6/ Ba zan kira sunansa ba, Yaya muke ce masa, haka zan ci gaba da kiransa. Mun kai kusan mutum 200. 'Yan Kano, Katsina, Zariya, Bauchi, Gusau, wasu daga Maraɗi da Damagaram, da wata baiwar Allah daga zangon Kumasi. Kowa ya koma wurin tsofaffinsa: maƙera, masaƙa, majema, manoma.

7/ Ni 'yar yankin Sakkwato ce, kakata kuma kaɗi ta yi duk rayuwarta. A wurinta na san magurji, bakan shiɓa, mazari, abawa, da allin da ake shafawa a yatsa don zare ya yi kyau. Kalma ɗaya sai ta ja labarin rabin awa, ni kuwa waya na hannuna tana naɗa.

8/ Ran farko ta kalli wayar ta ce, "Ke kishiya, wa za ki kai ma maganata?" Na ce, "Inna, ajiyewa za a yi don jikoki da tattaɓa-kunne." Ta ce to in haka ne ta yarda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Rigimar farko a kan karin harshe ta tashi. Duk kalmomin muna zuba su a takarda ɗaya ta intanet, amma mutum uku ne kawai ke da ikon tacewa da gogewa: Yaya da abokansa biyu. Duka ukun Kanawa ne. Ba wanda ya zaɓe su. Su suka fara zuwa, shi ke nan.

10/ In na rubuta zamna, in dawo in tarar da zauna. Sabro ya koma sauro, hwari ya koma fari, amre ya koma aure. A gefe an rubuta "an gyara kuskure". Alhali muryar Inna tana nan a maƙale da kalmar, tana faɗin zamna da bakinta.

11/ Ɗan Damagaram ya sa lakwal, aka goge aka ce Faransanci ne ba Hausa ba. Ya ce to tebur da bokiti da fensir da ke cikin takardar fa, daga wane tsohon Bahaushe aka gaje su? Shiru. Harafin ƴ da suke rubutu da shi a Nijar ma duk aka bi aka mayar 'y.

12/ Ta Kumasi ta fi ba ni tausayi. Hausarsu ba ta cika bambanta namiji da mace ba, kamar yadda ake ji a wasu sassan Zariya da Bauchi. Wani ya tura mata alamar dariya ya ce ta fara koyon Hausa tukuna. Ba ta ce komai ba. Washegari muka ga ta fita, da kalmomin zango da ba wanda ke da su sai ita.

13/ Don adalci, su Yaya suna da hujja. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta, da ita ake karantarwa, da ita jaridu ke rubutu. In kowa ya rubuta yadda ya ga dama, kalma ɗaya za ta fito sau biyar, mai nema ya rasa ta. Wannan gaskiya ce, ban taɓa musa ta ba.

14/ Sai dai aikin an kafa shi ne don kalmomin da ke ɓacewa. Zauna ba ta cikin haɗari, zamna ce ke ciki. Maganin ma ba wuya: layi ɗaya na daidaitacciya, layi ɗaya na yadda aka faɗa, da sunan gari. Mun kawo shawarar sau uku. Ba a ƙi ba, ba a karɓa ba, ba a kuma taɓa jefa ƙuri'a a kai ba.

15/ A nan na gane wani abu game da gardamar intanet: mai lokaci ke cin ta. Ɗaya daga cikin admin ɗin yana da kwamfuta, gidansu da sola, data ba ta yanke masa. Ni waya ce, cajin ma sai na aika shago. In gyara da rana, ya mayar da dare. Kwana nawa zan jure?

16/ Taron yanke shawara kuma ƙarfe goma na dare ake kira, ta murya. Wace yarinya ce a gidan iyayenta za ta zauna tana waya da maza har sha biyu? Wanda ke ƙauye kuwa sai ya hau tudu yake samun sabis. Da safe a turo: "Kamar yadda aka amince jiya."

17/ Ga abin haushin: yawancin muryoyin mu mata muka kawo su, don mu ke iya shiga cikin gida mu zauna da tsofaffin mata. Kalmomin girki, goyo, jego, kitso, duk ta hannunmu suka zo. A wurin yanke hukunci ko mace ɗaya babu.

18/ Kada a ce halin Bahaushe ne. Wikipedia, wadda ita ce gayya mafi girma a intanet tun kafa ta a 2001, ta sha wannan. A Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta harshen Scots, na ƙasar Sikotilan, alhali bai iya harshen ba.

19/ Yana ɗan shekara 12 ya fara, da kyakkyawar niyya. Turanci yake ɗauka ya sauya wa kalmomi rubutu. Da yake ya fi kowa naci, har admin ya zama. Masu harshen na ainihi in sun leƙo su ga shirme su wuce, don ba su da lokacin da yake da shi. Shekaru aka yi a haka.

20/ Ta Kuroshiya ta fi muni, don ita da gangan ne. Rahoton da gidauniyar Wikimedia ta fitar a 2021 ya nuna wasu 'yan tsirarun admin masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa sun mamaye shafin kusan shekara goma, suna karkatar da tarihi, suna toshe duk wanda ya ja da su.

21/ A duka biyun ƙofa a buɗe take, kowa zai iya gyarawa. Amma ikon rubutawa daban, ikon gogewa da toshewa daban. Na farko an raba wa kowa, na biyu yana hannun mutum biyar ko goma. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

22/ Sai maganar suna. Wannan tsohon ciwo ne a wurinmu. Tatsuniyoyi da labaran da aka buga a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, malaman Hausa ne suka rubuta su da ajami, amma sunan Frank Edgar ke jikin bango, da shi ake kiran aikin har yau.

23/ Ƙamusun da ya fito a 1949 yana ɗauke da suna biyu: R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Je ka sashen Hausa na kowace jami'a ka ji yadda ake kiransa: ƙamusun Abraham. Wanda ya tsara ya kai maɗaba'a shi tarihi ke riƙewa. Masu kawo kalmomin sai a layin godiya, in an tuna.

24/ In kuɗi suka shigo, abin ya ƙara fitowa fili. Amazon ya buɗe Mechanical Turk a 2005, kasuwar ƙananan ayyuka da ake biya 'yan sulalla. Sunan na wata na'urar dara ce ta wajen 1770 da aka ce da kanta take wasa, ashe mutum ne ɓoye a cikin akwatin. Sunan ya dace wallahi.

25/ A can mai ba da aiki yana iya cewa bai gamsu ba, ya ƙi biya. Ma'aikaci kuma ƙin ya ɓata masa maki. Sai a 2008 Lilly Irani da Six Silberman suka ƙirƙiro Turkopticon, inda ma'aikata ke gaya wa juna wane mai ba da aiki ne ke cinye haƙƙi.

26/ A Janairun 2023 mujallar TIME ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da kamfanin Sama ya ɗauka suna tace munanan rubuce-rubuce don OpenAI, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. A Maris 2024 kuma Remotasks ya rufe wa ma'aikatan Kenya da Najeriya ƙofa kwatsam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

27/ Mu dawo gurufinmu. An janye yajin aiki, kowa ya koma lakca, magana ta yi sanyi. A 2023 ɗaya daga cikin admin ɗin ya samu saɓani da Yaya, sai ya fasa ƙwai: wani kamfani mai gina manhajar gane magana ya nemi muryoyin, an yi ciniki, an gama.

28/ Guruf ya kama da wuta. Yaya ya fito ya ce, "Ni na biya kuɗin ma'ajiya wata da watanni daga aljihuna. Ni na kwana ina sauraron fayil ɗaya bayan ɗaya ina cire hayaniya. Lokacin ina kuke?" Kuma gaskiya ya faɗa. Ya yi wahalar da babu wanda ya yi irinta a cikinmu.

29/ Ba wanda ya ce kada a biya shi wahalarsa. Tambayoyinmu: nawa aka bayar? Wa ya sa hannu a madadin mutum 200? Me kamfanin zai yi da muryoyin? Amsar da muka samu ita ce za a tura wa mutum goma da suka fi ƙoƙari katin data.

30/ Da tambayoyi suka yi yawa, aka mayar da guruf sai admin kaɗai ke iya magana. Daren nan aka rufe takardar kalmomin. Aikin wata takwas na mutum 200, dannawa biyu ta raba mu da shi.

31/ Na yi masa magana ta gefe. "Yaya, don girman Allah a cire muryar Inna. Ajiya na ce mata, a kan haka ta yarda." Ya ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, an riga an haɗe fayilolin an tura, ba sa ciruwa." Ya ƙara da cewa ai alheri ne, gobe waya za ta ji Hausa.

32/ Inna ta rasu bayan wannan da 'yan watanni, Allah ya jiƙanta. Kwafin da na naɗa suna wayata, na kuma tura wa ƙannen mahaifiyata. Amma muryarta tana wata ma'ajiya da ban da iko a kai, a ƙarƙashin kalmomin da aka "gyara" mata. Wasu a gurufin sun goge nasu don wuri, yanzu ba su da komai.

33/ Wani zai ce to a daina shiga. A'a. In ba mu tara Hausa da kanmu ba, wasu za su kwashe abin da suka tsinta a intanet su ce ita ce Hausa. Abin nema shi ne yadda masu noma za su samu abin riƙe mai gona da shi. Akwai misalai biyu da nake yawan tunawa.

34/ A Fabrairun 2002 aka fara raɗe-raɗin sa talla a Wikipedia. Masu rubuta ta Sifaniyanci, Edgar Enyedy a gaba, suka kwashe kwafin maƙalolinsu suka kafa Enciclopedia Libre a Jami'ar Seville. Daga baya aka ce ba talla, adireshi ya koma .org, a 2003 aka kafa gidauniya mara neman riba.

35/ Abin da ya ba su ƙarfi shi ne lasisin aikin ya halatta wa kowa ya kwafa. Da suka fusata, da amfanin gonar suka tafi. Mu da muka fusata, hannu rabbana muka fita. Wanda zai iya tafiya da kwafi, dole a saurare shi tun yana ciki.

36/ Sai dai buɗaɗɗen lasisi ma yana da kaifi biyu. Common Voice na Mozilla, da aka fara a 2017 kuma akwai Hausa a ciki, muryar da ka bayar ta zama ta kowa, har manyan kamfanoni, kyauta. Bambancinsa da namu, ana gaya maka haka tun kafin ka buɗe baki. Ka yarda ka bayar, ka ƙi ka wuce.

37/ Misali na biyu na 'yan ƙabilar Maori ne a Niyu Zilan. A 2018 gidan rediyonsu Te Hiku Media ya yi gasa, cikin kwana 10 jama'a suka naɗa sama da awa 300 na harshensu. Suka gina manhajarsu, suka ƙi sayar da muryoyin, suka rubuta lasisin da ya ce amfanin dole ya koma wa Maori.

38/ Ɗaya ya buɗe wa kowa, ɗaya ya kafa shinge. Abin da ya haɗa su shi ne an rubuta ƙa'ida tun farko, kowa ya gani. Tun ran gini tun ran zane. A lokacin da ba kuɗi, kowa na dariya, shi ne ake iya yin wannan maganar cikin ruwan sanyi.

39/ Mu kusan 30 da muka fita mun sake farawa, da ƙa'ida shafi ɗaya. Admin zaɓensu ake yi, zango ɗaya na karatu suke yi su sauka. Ba a haɗa biyu daga karin harshe ɗaya. Dole akwai mace. Taro ranar Asabar da hantsi, wanda bai samu ba yana da kwana uku ya turo ƙuri'arsa.

40/ Kowace kalma layi biyu: daidaitacciya, da yadda aka faɗa, da garin. Gogewa sai admin biyu sun yarda, an kuma sanar da wanda ya kawo. Duk ƙarshen wata kowa na iya sauke kwafin komai. Tsohon da za a naɗa, a gaya masa inda muryar za ta je, ya amsa da bakinsa a farkon fayil.

41/ Kada ku zaci zaman lafiya muke. Aikin ya fi na da jinkiri nesa ba kusa ba. Wani zaɓen mutum tara kawai suka jefa ƙuri'a. Kuma har yanzu masu kwamfuta da data sun fi mu baki, ƙa'ida ba ta raba sola. Abin da ya canja, yanzu wanda ya hau yana sauka.

42/ Ko yanzu muna tsakiyar wata rigimar. Ɗan Maraɗi, wanda shi ne admin na wannan zangon, yana so a buɗe komai kyauta kamar Common Voice. Hujjarsa: in muka rufe, manhajoji za su koyi Kananci kaɗai, ɗan Tawa ya yi wa waya magana ta ce ba ta gane ba. Hujja ce mai nauyi.

43/ Ni ina ɓangaren shinge: kalmomi da ma'anoni a buɗe wa kowa, muryoyin tsofaffi kuwa sai an nemi izini, an faɗi abin da za a yi da su, an kuma yarda za a cire in iyalan suka nema. Mun yi musu har ya daina amsa sallamata kwana biyu. 😅

44/ Asabar mai zuwa za a jefa ƙuri'a, kuma bisa lissafina su suka fi yawa. In suka ci, ƙa'ida ta ba ni damar janye fayilolin da na kawo kafin a buɗe. Na Inna zan janye. Na muryata ni kaina zan bar musu.

45/ In akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan aikin, musamman 'yan Nijar, Gana, Kamaru da Sudan, ina son jin yadda kuka yi da maganar karin harshe da ta izini. Ku ajiye a ƙasa, zan karanta wa 'yan guruf kafin Asabar in sha Allah.